Kafin ka biya kuɗin aikin farfaɗiya a ƙwaƙwalwa

Ƙanina ya shekara shida yana shan maganin farfaɗiya mai suna Tegretol, aka ƙara masa wani mai suna Keppra, amma duk wata sai abun ya buge shi, har rannan ya faɗi kusa da murhu hannunsa ya ƙone. Likita ya ce idan magani kala biyu da aka sha daidai suka kasa, to ciwon ya zama mai taurin kai, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya haka suke. Daga nan muka fara maganar aiki.

Wallahi kada wani dillalin asibitin Indiya ko Masar ya yanka maka farashi kafin a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI da gwajin EEG na bidiyo, wanda ake kwantar da mutum kwanaki da wayoyi a kansa ana jiran ciwon ya tashi a ga daga ina yake fitowa. Wannan gwajin shi ke zaɓa maka irin aikin da za a yi.

Idan aka gano tushen wuri ɗaya ne a gefen ƙwaƙwalwa saitin kunne, yanke wurin shi ya fi ba da sakamako. A wani bincike a Kanada a 2001, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun shekara ba ciwon da ke gusar da hankali, masu magani kaɗai kuwa kashi 8. Amma fa akwai illarsa, wasu sukan riƙa manta kalmomi musamman in ɓangaren hagu aka taɓa, wasu gefen ganinsu na sama ya ragu, kuma ba a daina magani nan take.

Aikin leza kuwa, wato ƙone wurin da haske mai zafi maimakon yanka, ɗan huji kawai ake yi, kwana ɗaya biyu a sallame ka, sai dai warkewar ba ta cika kai ta yankan ba kuma ba ko'ina ake yi ba.

VNS kuwa na'ura ce ake sawa ƙarƙashin fatar ƙirji da waya zuwa jijiyar wuya, rage yawan faɗuwa take yi, kaɗan ne ke rabuwa da ciwon gaba ɗaya, tana dashe murya, in batir ya ƙare sai an sake aiki. Ni dai ba zan sayar da gona don ita ba sai in an ce yankan ba zai yiwu ba.

Namu an ga tabo a ɓangaren dama, yankan muka zaɓa.