Ɗaga Ƙafa, Sake Tsarin Bashi, ko Sayar da Gida: Amsa ga Mai Tsoron Banki Ya Ƙwace Gidansa

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce wadda mutane da yawa suke kwana da ita: ka sayi gida da bashin banki, albashinka ya ragu, wata uku ke nan ba ka biya ba, wasiƙu sun fara shigowa, kuma kana son sanin wanne ya fi tsakanin ka roƙi banki ya ɗaga maka ƙafa, ko a sake tsara bashin gaba ɗaya, ko ka sayar da gidan da kanka. Abin da zai raba maka gardama shi ne ka tambayi kanka da gaskiya ko matsalar kuɗinka mai wucewa ce ko kuwa ta zo zama, domin kowace daga cikin hanyoyin uku an yi ta ne don irin nata yanayin.

Ɗaga ƙafa ita ce mafi sauƙin samu, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Banki yakan yarda ka daina biya, ko ka riƙa biyan ƙasa da kason wata, wato abin da aka yanka maka ka biya duk wata, na tsawon watanni ƙididdigaggu. Ba a yafe maka ko sisi. Kuɗin suna taruwa, kuma a yawancin yarjejeniyoyi kuɗin ruwa na ci gaba da hawa. A Amurka, dokar CARES ta watan Maris na 2020 ta ba masu bashin gida da gwamnatin tarayya ta tsaya wa damar dakatar da biya na kwana 180, da ikon ƙara wasu kwana 180, kuma ta ceci gidaje da yawa a lokacin annobar korona, saboda galibin mutanen aikinsu ya tsaya ne na ɗan lokaci. Wannan shi ne yanayin da ta dace da shi: rashin lafiyar da ake sa ran warkewa, haihuwa, ko sallama daga aiki alhali wani aikin yana tafe. Kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta maka yadda za a biya abin da ya taru, domin a nan ne bambancin yake. Wani banki zai ce a biya duka a dunƙule ranar da wa'adi ya cika, wani zai rarraba shi a kan watanni masu zuwa ta yadda kason wata zai ƙaru, wani kuma zai tura shi ƙarshen bashin, a biya shi lokacin da aka sayar da gidan ko aka kammala biya. Ta ƙarshen ce kaɗai ba ta ƙara maka nauyi yanzu. Wanda ya kasa biyan wata ɗaya ba zai iya biyan wata shida a rana guda ba, kuma na fi jin tsoron wannan sharaɗin fiye da kowane.

Sake tsarin bashi ya sha bamban, domin shi yana taɓa yarjejeniyar kanta har abada. Ana iya rage kuɗin ruwa, ana iya tsawaita shekarun biya, ana iya ɗora bashin da ya taru a kan uwar kuɗi, kuma a wasu lokuta, waɗanda ba su da yawa, a rage uwar kuɗin. Shirin HAMP na gwamnatin Amurka, wanda aka fara a 2009 bayan rushewar kasuwar gidaje kuma aka rufe a ƙarshen 2016, ya yi ƙoƙarin saukar da kason wata zuwa kashi 31 cikin 100 na abin da mutum yake samu kafin a cire haraji, kuma wannan ma'auni ne mai amfani har yau ga duk mai son auna kansa. A Birtaniya, yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da manyan masu ba da bashin gida a watan Yuni na 2023 ta ba da damar tsawaita wa'adi, ko biyan kuɗin ruwa kaɗai na wata shida.

Sai dai sauƙin yana da tsada, kuma lissafi ne zai nuna ta. Bashin dala 200,000 a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 na shekara 30 yana cin kusan dala 1,199 a wata. Idan aka mayar da shi shekara 40 ba tare da rage ruwan ba, kason wata zai sauka zuwa kusan dala 1,100 kawai, amma jimillar abin da za ka biya za ta ƙaru da fiye da dala 96,000. Saboda haka tsawaita wa'adi shi kaɗai ba ya ceton wanda albashinsa ya faɗi da rabi. Rage kuɗin ruwa ne yake yin tasiri na gaske. Kuma banki ba ya sake tsari sai ya ga kuɗi na shigowa a kai a kai, don haka wanda ba shi da aiki kwata-kwata da wuya a amince masa. Za a nemi takardun albashi, bayanan asusun banki, takardun haraji da wasiƙar da ke bayyana abin da ya same ka, sau da yawa kuma a gwada ka na wata uku kafin a tabbatar da sabon tsarin.

Hanya ta uku ita ce wadda ba wanda yake son ji, amma ina ganin an fi zaluntarta da shiru. Idan darajar gidanka ta fi bashin da ya rage, sayarwa da kanka a kasuwa tana ba ka damar biyan banki ka riƙe ragowar, alhali gidan da aka kai gwanjo yakan tafi da araha, sannan a cire kuɗin lauyoyi da tara daga abin da ya kamata ya zama naka. A Amurka, ƙwace gida yana zama a tarihin bashin mutum har shekara 7, yana wahalar da shi wajen samun wani rance, wani lokaci har da haya. Idan kuwa bashin ya fi darajar gidan, akwai sayarwa da amincewar banki a kan ƙasa da abin da yake bin ka, ko miƙa masa takardun mallaka da kanka. A duka biyun, kada ka motsa sai an rubuta ƙarara cewa banki ya yafe giɓin da ya rage, domin a wurare da yawa, har da Ingila, yana da ikon bin ka wannan giɓin bayan gidan ya bar hannunka.

Ga yadda nake ganin lamarinka. Ka ce albashinka raguwa ya yi, ba tsayawa ba, kuma ba ka ambaci ranar da zai koma yadda yake ba. Wannan ya fi karkata ga sake tsarin bashi, kuma ɗaga ƙafa za ta iya zama jinkiri ne kawai da zai ƙara girman abin da ake bin ka. Ka zauna ka lissafa abin da ke shigo maka a wata, ka ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan babu tsarin da banki zai iya saukar da kason wata zuwa kusa da wannan adadi, to ka fara tunanin sayarwa tun kana da ikon zaɓar mai saye da farashi.

Kada wankin hula ya kai ka dare, domin wata ukun da ka ambata suna da ma'ana a shari'a. A Amurka, ƙa'idar da ta fara aiki a 2014, ta hukumar CFPB mai kare masu hulɗa da bankuna, ta hana a fara shari'ar ƙwace gida a mafi yawan lokuta sai an wuce kwana 120 ba a biya ba, kuma wanda ya miƙa cikakkiyar takardar neman sassauci fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, dole a duba buƙatarsa kafin a sayar. Kowace ƙasa da nata wa'adin, amma ko'ina kiran banki da wuri ya fi ɓoye wasiƙu a aljihun tebur. Ka rubuta ranar kowane kira da sunan wanda ka yi magana da shi, ka ajiye kwafin duk takardar da ka aika. Ka nemi mai ba da shawara na kyauta, kamar waɗanda ma'aikatar gidaje ta Amurka, HUD, ta amince da su, ka kuma guji duk kamfanin da ya nemi kuɗi tun kafin ya yi maka komai, ko ya ce ka daina magana da bankinka, ko ya kawo takardar da za ta mayar da mallakar gidan sunansa.