Navajo da Maori a kan keken dutse: ƙasar wa ake takawa?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon 'yan ƙabilar Navajo na Amurka da na Maori na New Zealand suna gangaro duwatsu da keke, kana tambaya ko labarin ɗaya ne. Keken dai ɗaya ne, amma daga nan an raba gari.

Ƙasar Navajo ta kai murabba'in kilomita 70,000, ta ratsa jihohin Arizona da New Mexico da Utah, kuma suna da gwamnatinsu a Window Rock. Jan dutse ne da yashi da ƙaya, gidaje nesa da juna. Wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san wurin ko bai san sunansa ba, domin tun 1939 Monument Valley ta yi suna a irin waɗannan fina-finai. A wancan zamani baƙo ke riƙe da kyamara, ɗan gida kuwa a ɗora shi bisa doki a harbe shi ya faɗo. Shi ya sa bidiyonsu na yau ya fi kama ni. A gasar keke ta Rezduro da suka fara a ƙauyen Hardrock a 2021, hanyoyin tumaki da dawaki suka gyara da shebur, yaro ya sauko da ƙura har gira, iyaye mata na gefe suna rabon abinci. Matsalarsu ta kayan gyara ce: sarƙa ta tsinke, sai ka yi tafiyar awanni zuwa gari kamar Gallup. In kuma fim za ka ɗauka na kasuwanci, sai da izinin hukumarsu.

Rotorua, garin da ke yankin Maori a New Zealand, wata duniya ce. Dajin Whakarewarewa kore shar, ga laima, ga warin farar wuta daga maɓuɓɓugan ruwan zafi, ga hanyoyin keke sama da kilomita 100. Garin ya karɓi gasar keken dutse ta duniya a 2006, bikin keke na Crankworx kuma yana zuwa tun 2015. Nan kuɗi sun riga sun shigo, shagunan haya ko'ina. Abin da kyamara ba ta cika tsayawa a kai ba shi ne, ƙasar dajin ta koma hannun ƙabilun Maori ne bayan yarjejeniyar 2008 da gwamnati, aka kuma bar wa jama'a damar shiga. Wato baturen da ke tsalle a bidiyon baƙo ne a gonar wasu.

In gwaninta da kyan hoto kake so, nufi na Rotorua. In so kake ka ji mutane suna ba da labarinsu da bakinsu, ni dai na Navajo zan fara miƙa maka, ko da hoton na ɗan rawa.