Tsoffin Finafinan Waƙa Na Jamus: Wane Faifai Za Ka Fara Saya?

Daga 1929 zuwa 1933, lokacin da magana ta fara shigowa fim, Jamus ta yi tashen finafinan rawa da waƙa, yawancinsu daga kamfanin UFA. Idan kuɗinka na faifai ɗaya ne, ni dai shawarata ka nemi Die Drei von der Tankstelle na 1930, wanda Wilhelm Thiele ya ba da umarni. Samari uku ne suka tsiyace, suka buɗe gidan mai, duk suka kamu da son yarinya guda, wadda 'yar wasa Lilian Harvey ta fito a matsayinta. Abin da ya sa na fifita shi: Thiele ba ya tsayar da labari don a rera waƙa, waƙoƙin Werner Richard Heymann su ne ke jan labarin. Gwamnatin Hitler ta haramta shi a 1937, tun bayan da Thiele da Heymann suka yi hijira.

Mai son ƙayatarwa kuwa, Der Kongress tanzt na Erik Charell ya fi dacewa da shi. An yi shi a 1931 a kan taron sarakunan Turai a Vienna. Akwai wurin da kyamara ke bin keken dokin Harvey tana waƙa, jama'ar gari na amsawa, wannan kaɗai ya biya kuɗinka.

Der blaue Engel na Josef von Sternberg ya fi su suna, ya kuma fi sauƙin samu. Sai dai kada waƙoƙin jarumarsa Marlene Dietrich su ruɗe ka, labarin wulaƙantar wani malami ne, mai ɗaci ƙwarai. An ɗauke shi da Jamusanci da Turanci. Ka zaɓi na Jamusanci, domin bakin 'yan wasan ya fi sakewa.

Kafin ka biya, duba shekara. An sake yin finafinan Thiele da Charell a 1955 da sunayen nan dai, kuma ba su kai na asali ba. Duba ko akwai fassara a ƙasan hoto, don faifan da aka buga wa kasuwar Jamus sau da yawa ba su da ita. Sunan gidauniyar Murnau a bayan kwali alama ce mai kyau, ita ke riƙe da tsoffin finafinan UFA tana gyara su. Blu-ray na Turai da Afirka shiyyarsu ɗaya, wato B. Na Amurka shiyyar A ne, yana iya ƙin buɗewa a na'urarka.