Shagon abincin dabbobi na Unguwa Uku

Gaskiya mai shagon nan ya san sana'arsa. Na je sayen dusa wa 'yan ragunan da na yaye, sai cewa ya yi Alhaji kar ka cika musu dusa zalla, sinadarin fosfaras ya yi mata yawa na kalsiyam kuma kaɗan, shi ke kawo tsakuwa a mafitsara ka ga rago yana ta nishi fitsari ya ƙi fita. Ya ce a abincinsu kamata ya yi kalsiyam ya ninka fosfaras, wato 2 bisa 1, a haɗa musu da harawa da dutsen lasa, ruwa kuma kar ya yanke. Dusarsa busasshiya ce ba warin tsami, ba yashi a gindin buhu. Sai dai fa kuɗinsa da ɗan tsada kuma baya ragi ko sisi, wajen ajiye mota ma babu.