Aikin gwamnati ko aikin dala ga mai gina shafukan intanet a Katsina

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digiri, ka iya yarukan gina shafi na HTML da CSS da JavaScript, kana tambaya ko ka nemi sashen kwamfuta na gwamnati ko ka bi masu ba da aiki daga ƙasashen waje.

A gwamnati matakinka ake biya, ba gwanintarka ba. Mai digiri kan fara a mataki na 08, albashinsa ɗaya da na abokinsa na sashen mulki, ƙarin girma kuma sai bayan shekara 3. Akwai fansho, akwai kwanciyar hankali. Amma sau da yawa aikin bai wuce gyaran firinta da ɗora sanarwa a shafi ba, sai hannu ya yi sanyi.

Aikin waje ya fi tsoka, musamman tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, sai dai ba duk abin da aka biya ke shiga aljihunka ba. Fiverr, dandalin intanet da ake samun irin wannan aiki, na cire kashi 20 cikin 100, sannan ya riƙe kuɗin kwana 14. A Upwork, wani dandalin irinsa, neman aikin ma sai ka sayi makin da ake kashewa wajen tura takardar nema. Payoneer, kamfanin da ake karɓar kuɗin waje ta hannunsa, zai ci nasa wajen canji. Ga sola da batir saboda ɗaukewar wuta, ga layin data biyu, don mai ba da aiki ba ya jin uzurin "sabis ya ɗauke". Lokaci ma lissafi ne: taron ƙarfe 3 na yamma a Niyok ta Amurka, nan ƙarfe 8 ko 9 na dare ne. Wani watan kuma ko sisi.

Abin da ya fi damunmu, iliminka na yanzu bai kai kasuwar can ba, don ƙananan shafuka manhajojin AI sun karya musu farashi. Ƙara React na gina fuskar shafi, da Node.js ko Laravel na aikin bayan fage, da PostgreSQL na ajiye bayanai, ka saba da Git mai adana tarihin canje-canjen aikinka.

Mu dai shawararmu, in aikin gwamnati ya samu ka riƙe, amma ka fara da makarantun kuɗi da shagunan cikin gari: shafin duba sakamako, biyan kuɗin makaranta ta Paystack, hanyar karɓar kuɗi ta intanet. Karɓi rabin kuɗi kafin ka fara, ka rubuta wanda zai riƙa biyan kuɗin adireshin shafi da masaukinsa duk shekara, don a nan rigima ke tashi. In ayyuka 3 masu rai suka hau GitHub ɗinka, shafin da masu rubuta manhaja ke baje aikinsu, sai ka tunkari kamfanonin Legas da na waje masu biyan albashin wata daga nesa.