Kaskon tangaran da na saya wa 'yar tsamiyata

Shekara uku 'yar tsamiyata ta yi a cikin tsohon gwangwanin madara a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura. Daga ƙwallo na raine ta, ina rage mata rassa da saiwa don kada ta yi tsawo, irin renon nan da Japanawa ke kira bonsai. Da gindinta ya fara kauri, sai na ga ta isa a yi mata mazauni na mutunci.

Ta intanet na yi odar kaskon daga Legas. Irin na Yixing ne, garin ƙasar Sin da ya yi suna wajen tukwanen yumɓu marasa sheƙi. Mai kusurwa huɗu ne, ruwan ƙasa mai duhu. Ina ciro shi daga kwali na ƙwanƙwasa shi da farce, ya yi ƙara ƙal kamar ƙarfe, na san ya gasu. Abin da ya fi burge ni yana ƙarƙashinsa: manyan huji biyu na fitar ruwa, ƙanana huɗu na zura wayar da ke ɗaure saiwa, ga ƙafafu da suka ɗaga shi daga ƙasa. Na rufe hujin da 'yar ragar roba, na dasa ta a farkon damina. Duk marka-markar watan Agusta, ruwa bai taɓa kwana a ciki ba.

Wajen awo na bi ƙa'idar masu wannan sana'a, wato tsawon kasko ya zama kashi biyu cikin uku na tsayin bishiya, zurfinsa kuma ya yi daidai da kaurin gindinta. Tawa santimita 30 ce, na ɗauki mai tsawon 20 da zurfin 5, har ma ya ɗan wuce ƙa'idar. A ido kam ba magana, kamar don ita aka gina shi.

Sai da bazara ta kama na gane ba da ranar Katsina aka tsara wannan ƙa'ida ba. In na ba ta ruwa bayan sallar asuba, kafin azahar ƙasar ta bushe ƙayau, kaskon ya ɗau zafin da hannu ba ya iya jurewa, duhun launinsa kuma yana ƙara jawo shi. Cikin mako guda ganyen ya yi rawaya ya soma zuba. Wallahi raina ya sosu, renon shekara huɗu fa. Na mayar da ita ƙarƙashin darbejiya, na ɗora kaskon a kan faranti mai jiƙaƙƙiyar tsakuwa, ina shayar da ita safe da yamma, da ƙyar ta farfaɗo.

Kaskon ba shi da aibu wajen inganci, kuɗina bai tafi a banza ba, amma zurfinsa ya yi wa tsamiya kaɗan a garin nan. Na kai wa wata mai ginin tukwane shi ta gani, ta ce za ta gina mini irinsa da hujinsa duka, mai zurfin santimita 8. Shi kuwa wannan, kariya zan dasa a ciki, tunda ita a jikinta take ajiye ruwa.