Sharhi: kwafin hatiman Kirit da Girka, bayan na danna su a yumɓu

Akwati ne ɗan ƙarami mai kwafin hatimai shida, huɗu na Minowawa, wato mutanen tsibirin Kirit na dā, biyu kuma na Girkawan da suka zo daga baya. Na saye shi a wani shagon tsaraba a birnin Irakliyon da ke Kirit saboda ina koyar da tarihi, kuma hoto kaɗai ba ya shiga kan yara. An haɗo shi da curin yumɓun roba da 'yar takardar bayani. Kayan sun yi mini amfani ƙwarai, sai dai wanda ya haɗa su ya ɗauki hatimi a matsayin abin ado, alhali kayan aiki ne, kuma nan ne duk ƙorafina yake.

A gidan tarihi na Irakliyon akwai hatimai na asali jere a bayan gilashi, yawancinsu ba su wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. Ido ba ya kama zanensu sosai, domin a ciki aka ƙwaƙule shi. Sai ka danna a yumɓu ka ɗaga, sannan hoton ya taso. Wannan shi ne abin da akwatin ya ba ni. Akwai wani mai siffar faifai da zanen zaki ya danne bijimi. A hannu ramuka ne kawai da layuka, amma da na danna shi sai ga wuyan bijimin ya murɗe baya, ga ƙafar zakin a kan gadon bayansa, maƙerin ya lanƙwasa jikinsu duka biyu don su cika da'irar ba tare da an bar fili ba. Na daɗe ina kallonsa a hasken taga.

Mai fuska uku ma ya fito da kyau, watakila don zanensa ba shi da ƙananan layuka: mutum da tulu, kan dabba, sai wasu alamomi. Irinsa aka riƙa sassaƙawa a kan dutse mai laushi a wata maƙera da aka tono a Maliya, wani tsohon gari a Kirit, da guntayen da ba a gama ba a zube a cikinta. Irin waɗannan duwatsun ne suka ja Arthur Evans, Bature mai binciken kayan tarihi, zuwa Kirit a 1894. Ya tarar matan ƙauye suna rataya su a wuya da imanin suna ƙara ruwan nono, shi kuwa alamomin da ke jikinsu yake bi, don ya yi zaton rubutu ne. Zatonsa ya tabbata, kuma a 1900 ya fara tono fadar Minowawa ta Kinosos.

Inda kayan suka gaza shi ne zoben. Kwafi ne na zoben zinariya da aka samo a wani kabari a Isofata kusa da Kinosos, mai mata sanye da fatari mai hawa-hawa a tsakiyar furanni. Na ga na asalin, layukan fatarin a bayyane suke ɗaya bayan ɗaya. A kwafin sun narke sun haɗe, sai ka yi ta murza ido kafin ka raba hannu da fure. Dalili a fili yake: roba mai tauri aka zuba a mazubi, ba sassaƙa aka yi ba. Su kuwa Minowawa, bayan sun fara da ƙashi da haƙorin dorina da dutse mai laushi tun shekaru sama da 2,000 kafin Miladiyya, sun kai ga yanka duwatsu masu tauri irin su aƙiƙ da na'urar juyi da yashi mai kaifi. Na ji daɗi da ba a yi gangancin kwaikwayon aƙiƙin Pilos ba, hatimin da masu binciken kayan tarihi Jack Davis da Sharon Stocker suka samo a kabarin wani mayaƙi a kudancin Girka a 2015. Tsawonsa santimita 3.6 ne, amma a kansa akwai mutum uku a fagen yaƙi, har jijiyoyin damtsensu ana gani. Roba ba za ta ɗauki wannan ba.

Biyu daga cikin shidan ba a huda su ba. Ƙaramin abu ne a ido, amma hudar tana da muhimmanci, domin zare ake zura wa hatimi a ɗaure a hannu. A zanen bangon Kinosos na saurayi mai ɗauke da kofi, ga hatiminsa nan a wuyan hannu.

Takardar bayanin ta fi ba ni haushi. Ta cika da maganar kyau da alloli, ba ta ce komai ba game da aikin da hatimi yake yi. A tsohuwar fadar Faistos da ke Kirit, mai binciken kayan tarihi Doro Levi ya tono guntayen yumɓu masu tambari sama da 6,000 a ɗaki guda a 1955. Bayan kowane guntu yana ɗauke da sawun abin da aka manna shi a kai, galibi turke da igiyar da aka naɗe masa, na ƙofar ɗakin ajiya ko na akwati. Mai kula da ɗaki ya ɗaure, ya liƙa yumɓu, ya danna hatiminsa. In an buɗe, a ajiye fasasshen a matsayin shaida. Gobarar da ta ci fadar ce ta gasa su, shi ya sa suka kai zamaninmu. Daga baya har wasiƙun fata aka riƙa naɗewa a ɗaure da zare a buga musu hatimi, kuma an samu tambarin zobe ɗaya a garuruwa daban-daban na Kirit, har da Akurotiri a tsibirin Tera. Ke nan akwai masu iko da saƙonsu ke ƙetare teku.

Wannan na gwada a aji. Na ɗaure murfin tulu da igiya, na liƙa yumɓu a kan ƙullin, na danna zakin. Wata yarinya ta ce, “Malam, ashe kwaɗon ƙofarsu ke nan.” Na ce mata kwaɗo yana hana shiga, wannan kuwa ba ya hana kowa, sai dai ya tona asirin wanda ya taɓa. Daga nan muhawara ta ɓarke a kan yadda ɓarawo zai iya yaudara, kuma da kansu suka gano cewa sai ya samu kwafin hatimin. Girkawa ma sun san da haka: an ruwaito cewa cikin dokokin Solon, mai tsara doka na birnin Atina, akwai wadda ta hana mai sassaƙa zobe ya riƙe tambarin zoben da ya sayar.

Na Girkawan biyu, ɗaya mai siffar buzuzu ne, salon da ya shigo musu ta hannun Finikiyawa, fataken teku na gaɓar Lebanon, a ƙarni na 6 kafin Miladiyya, bayan sana'ar yanka dutse mai tauri ta daɗe da mutuwa tun rushewar fadojin Girka wajen 1200 kafin Miladiyya. Babu yabo babu fallasa. Ɗayan kuwa zalɓe ne yana tashi sama, aikin Deksamenos mutumin tsibirin Kiyos na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, wanda ya rubuta sunansa a jikin dutsen. Fukafukan sun fito, rubutun sunan bai karantu ba.

Malamin makaranta ko uba mai son yaransa su taɓa tarihi da hannu, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Mai neman ganin ƙwarewar sassaƙa, gara ya nemi manyan hotunan na asali. Duk wanda ya ce zai sayar maka da na gaske a gefen titi, ka bar shi, dokar Girka ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. In ka sayi akwatin, ka ajiye yumɓun robar da ke ciki, yana maƙalewa a ramuka. Ka nemi yumɓun masu ginin tukwane mai laushi, ka ɗan shafa wa hatimin mai, ka danna sau ɗaya ba tare da girgizawa ba, sannan ka haska tocila daga gefe.